Jiniyar motata na tashin unguwa da tsakar dare, rimot kuma sai na manne da ƙofa yake buɗewa

Tambaya: Na sayi BMW Z4 ƙirar 2005, mai kujera biyu da rufin yadi, 'yar Amurka ce da ta shigo ta Kwatano. Wata uku ke nan kusan kowane dare sai jiniyarta ta tashi ba wanda ya taɓa ta, galibi tsakanin ƙarfe biyu da asuba. Rimot ɗin ma sai na matso jikin ƙofa yake buɗewa, wani lokaci ya ƙi gaba ɗaya. Na sayo wani makulli a kasuwa, bai yi aiki ba. Wani mai rewaya ya ce a yanke wayar jiniyar a huta, wani ya ce ƙwaƙwalwar motar ce ta mutu, a sayo wata. Maƙwabta sun fara maganar kai ƙara wajen mai unguwa.

Amsa: Yallaɓai, sannu da haƙuri, a kuma ba maƙwabta haƙuri, suna da gaskiya. Amma shawarwarin nan biyu duk ka jingine su tukuna. Jiniyoyin asali da yawa suna ɗauke da nasu ƙaramin batir a ciki, an yi su ne don in ɓarawo ya datse waya su ci gaba da ihu, to in aka yanke ta alhali motar na kulle, a nan take za ta ƙwala. Ko da an yi sa'a ta yi shiru, abin da ke tayar da ita yana nan. Motar za ta ci gaba da farkawa cikin dare, fitilun sigina su yi ta ƙiftawa har kusan minti biyar duk lokacin da abin ya motsa, ka wayi gari batir ya kwanta. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Batun ƙwaƙwalwa kuwa, a shekarun da na yi ina wannan sana'a ba kasafai na tarar ita ce mai laifin irin wannan kukan ba. Ita ce mafi tsada, sai an saita ta da kwamfuta kafin ta zauna da motar, kuma ita ce abin da ake ɗora wa laifi in an gaji da bincike.

Ƙararrawar mota kamar maigadi take wanda ba ya fita zagaye. Yana zaune a ɗakinsa, yara ne ke kawo masa rahoto: na bonet, na ƙofofi, na but, na cikin mota, da wanda ke lura ko an ɗaga motar da jek. Duk wanda ya ce masa an taɓa, sai ya busa usur, ba ya tambayar hujja. Saboda haka maigadin bai haukace ba, ɗaya daga cikin yaran ne ke kawo ƙarya, aikinmu mu gano wanne ne.

Sannan ka raba abubuwa uku da mutane ke cakuɗawa su kira su duka sakiyoriti. Akwai rimot, mai aika saƙo ta iska ya buɗe ko ya kulle. Akwai ƙararrawa, wadda muka yi magana. Akwai kuma na'urar hana tayar da inji, wadda BMW na wancan zamani ke kira EWS: wani ɗan mitsitsin ƙwaya ne a cikin makulli, ba ya bukatar batir, zoben da ke bakin ramin makulli ne ke karanta shi. Kowanne da hanyarsa. Rimot na iya mutuwa murus motar ta tashi lafiya. Ciwo biyu ka kawo mini, kuma akwai yiwuwar ba su da dangantaka, sai ta wata kafa guda da zan zo kanta.

Abin da zan fara dubawa in ka shigo garejina shi ne: wace ƙararrawa ce ma a motar? BMW da yawa na waɗannan shekaru da aka sayar a Amurka sun fito daga kamfani da wayoyin a shimfiɗe amma babu jiniya, sai in mai saye ya biya dila ya ɗaura masa. Motar da ta shekara ashirin ta bi hannu uku ko huɗu, ta kwana a filin gwanjo, ta hau jirgin ruwa, ta zauna a Kwatano, komai na iya kasancewa a cikinta. Ka saurari kukan. In sauti ɗaya ne yana maimaita kansa na kamar daƙiƙa 30 ya tsaya, ta asali ce. In kuwa tana canja murya, yanzu ta motar asibiti, an jima ta 'yan sanda, an jima kamar wasan yara, ta kasuwa ce aka liƙa mata. Leƙa ƙarƙashin sitiyari da tocila. Baƙin akwati kamar kwalin ashana babba da aka ɗaure da igiyar roba, wayoyi ja da shuɗi da ba su yi kama da sauran ba, ƙaramar fitila da aka huda roba aka cusa, duk alamun hannun baya ne.

In ta asali ce, motar da kanta tana ba ka labari, mutane ne ba sa kallo. Ƙarƙashin madubin tsakiya akwai wani jan ƙulli mai fitila a ciki. Kulle motar da rimot ka tsaya ka dube shi. In ya fara ƙiftawa a hankali nan take, ta ga komai a rufe. In ya yi ta ƙiftawa da sauri na kamar daƙiƙa goma kafin ya lafa, yana gaya maka akwai abin da take gani a buɗe: ƙofa, bonet ko but. Da safe kuma in ka buɗe, ya mutu nan take, ba abin da ya faru cikin dare. In ya ci gaba da ƙiftawa na daƙiƙa goma bayan ka buɗe, ta tashi ko da ba ka ji ba. Wannan kaɗai ya isa ya rage mana rabin aiki.

Gwaji na gaba ba ya cin ko sisi. Danna maɓallin kullewa, sannan ka sake danna shi cikin daƙiƙa goma. Jan ƙullin zai haskaka na ɗan lokaci. Abin da ka yi shi ne ka sallami yara biyu na wannan daren, mai gadin cikin mota da mai lura da karkata, ka bar na ƙofofi da bonet da but suna aiki. An yi wannan ne don masu ɗora mota kan jirgin ruwa ko babbar mota, da masu barin kare a ciki. Yi haka dare uku a jere. In unguwa ta yi barci, ɓarawon barcinku yana cikin waɗannan biyun. In ta sake tashi, ka wanke su, mu koma kan sauran. Ka samu takarda ka riƙa rubuta ƙarfe nawa ta tashi, an yi ruwa ko iska, an wanke motar ranar ko ba a wanke ba, ta yi tafiya ko ta wuni a ajiye. Kuma don Allah abu ɗaya za a canja a kowane dare. Wanda ya canja abu huɗu rana guda, ko motar ta yi shiru bai san me ya gyara ba, in ta dawo da kukan kuma bai san inda zai koma ba.

Da za a ce in yi caca, wadda ba na yi, da kan makunnin bonet zan sa kuɗina. Wani ɗan maɓalli ne a cikin ɗakin inji wanda bonet ke danne shi in an rufe. Shekaru na tafiya, robar kansa ta cinye, ko ƙarfen da ke riƙe da shi ya ɗan lanƙwashe, ko wanda ya yi gyaran gaba bayan hatsari bai mayar da bonet daidai ba. Sai ya zama dannawar da ƙyar take kaiwa, kamar ƙofar da sakatarta ta kama da bakin farce. Da rana, ƙarfe ya ɗumama, komai ya cika wurinsa, lafiya lau. Can cikin dare inji ya huce, sanyin asuba ya sauko, ƙarfe ya ɗan tsuke, tazarar da ba ta kai kaurin katin waya ba ta buɗe, maɓallin ya ce an ɗaga bonet. Lokacin da ka ambata, ƙarfe biyu zuwa asuba, shi ne ya sa na fi zarginsa. Z4 kuma bonet ɗinta dogo ne, ɗan motsi kaɗan a wani gefe ya isa. Ƙara da ƙurar hunturu da ke shiga cikinsa, da masu wankin mota da ke saita bututun ruwa mai ƙarfi cikin inji kamar suna wanke tukunya.

Gwada shi da sauƙi. Motar na buɗe, zare soket ɗinsa, ka naɗe bakin da leda don ruwa, ka rufe bonet. A wannan zubin na BMW, in aka zare shi motar na ɗauka bonet a rufe yake. Kwana uku shiru, ka kama shi. Sabonsa ba shi da tsada, ana samun na Beljiyam a Panteka ko Ƙofar Ruwa, amma ka danna shi da yatsa kafin ka biya, ka ji yana dawowa da ƙarfinsa. Kada a bar shi a zare har abada, domin ta bonet ɓarayin batir da fitila ke fara shiga a motoci da yawa, ko da yake taka batirinta a but yake.

Batirin nan shi ne na biyu a jerin zargina, kuma yawancin motocin tsere da ake kawo mini da wannan kukan suna da shi ko da ba shi ne babban laifin ba. Dalili a fili yake: ba motar zuwa aiki ba ce. Ana fito da ita ranar Juma'a da yamma ko ranar ɗaurin aure, a zaga gari a dawo, ta sake kwana shida. Irin wannan gajeren yawo ba ya mayar da abin da aka ci wajen tayar da ita, zafin ƙasarmu kuma yana tsufar da batir da wuri. In wutar ta yi ƙasa cikin dare, jiniya mai batirin kanta sai ta ɗauka wani ne ke cire kan batir, ta fara ihu. Sa mita da safe kafin a tayar da inji. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. In ka ga 12.2, ya kai rabi. Ƙasa da 12, a kwance yake. A tayar da inji, ya kamata ya hau tsakanin 13.8 da 14.5, in bai hau ba altaneta ce ba ta caji. Girgiza kan batirin da hannu ma. Na sha tarar da wanda aka cusa masa ƙusa ko guntun gwangwani don ya kama.

In batirin sabo ne amma yana kwanciya cikin kwana biyu ko uku, akwai mai shan wuta a ɓoye. Mai rewaya zai sa mita tsakanin kan batir na baƙi da wayar da ke kama shi, ya danna sakatar but da sukundireba don motar ta ɗauka a rufe yake, ya jira. Jiran nan ne yaranmu ba sa iyawa. BMW na wannan zamani tana ɗaukar kamar minti 16 kafin ta yi barci, wanda ya karanta mita kafin nan ƙarya zai karanta. Bayan ta kwanta, abin da take sha bai kamata ya wuce miliamfiya 50 ba. In ya wuce, a bi fiyus ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa a kan rediyon kasuwa mai allo, ko amfilifaya, ko tiraka (na'urar bin sawun mota) ake tsayawa. A kula kada a rufe but alhali batir na cire.

Ƙofofi ba sa ɗaukar lokaci. Gilashin Z4 ba shi da firam, in ka ja hannun ƙofa yakan ɗan sauka, in ka rufe ya koma ya matse da roba. In wani gefen ya daina yin haka, ko yana yi yau gobe ya ƙi, ko fitilar ciki ba ta kamawa in an buɗe wannan ƙofar, makunnin da ke cikin sakatar ya gaji. Wanda ke gaya wa gilashi an buɗe ƙofa shi ne ke gaya wa ƙararrawa. But ma haka, duba fitilarsa tana mutuwa in an rufe, ka sa wayarka tana ɗaukar bidiyo a ciki ka gani.

To in dannawa sau biyu ce ta kawo shiru fa? Motoci masu rufin ƙarfe galibi da sautin da kunne ba ya ji suke gadin ciki, masu rufin yadi kuwa an fi sa musu ƙaramin rada, domin yadi ba ya riƙe sauti kuma iska na kaɗa shi. Rada ba ta san bango ba sosai. In ta tsufa ko aka saita ta da zafi, takan ga abin da ke wajen motar. Kyanwa ta hau rufin yadi ta kwanta saboda laushi da ɗumi, ƙadangare ya shiga ta gefen gilashin da bai rufe ba, carbi ko turaren da aka rataye a madubi yana lilo, tarin tsaba da makullai a aljihun tsakiya, duk na gani. Kwashe komai, rufe gilasai ruf, tabbatar rufin ya kama sakatarsa, ka sake gwadawa. In ana rufe motar da tamfol, a ɗaure shi kada iska ta riƙa bugunsa da jiki.

Yanzu in ta kasuwa ce, labarin ya canja, kuma gaskiya a nan na fi ganin abin takaici. Akwai wani bawan Allah da ya kawo mini mota mai kujera biyu, ya ce aljanu ne, domin ba ta tashi sai an ɗauke wuta. Na ce a bar mini ita, ba ta yi ko tari ba a gareji kwana biyu. Sai na bi shi gida. Ashe inda yake ajiye ta, katanga ɗaya ce tsakaninta da babban janaretan maƙwabcinsa, kuma daɓen siminti ɗaya suke kai. Ana ɗauke wuta, janareta ya yi gurnanin tashi, daɓe ya girgiza, motar ta amsa. Da na buɗe ƙarƙashin sitiyari na tarar da sensar girgiza an ɗaure ta a jikin wata roba mai rawa, an murɗe ɗan sukurun saitinta har ƙarshe. Wanda ya ɗaura ta ya yi haka ne don in ya taɓa taya da ƙafa ta yi ƙara a gaban mai mota, a ce aiki ya yi kyau. A bayanta kuma ga wata tsohuwar ƙararrawa da ba a cire ba, ga tiraka da layinsa ya mutu tun tuni, duka an murɗa wayoyinsu da hannu an naɗe da salatif, zafi ya narkar da gam ɗin ya zama kamar ƙullun kuka.

Motar tsere ba ta jure irin wannan saitin. Ƙafafunta a tauri suke, tayoyinta sirara, jikinta kusa da ƙasa, duk abin da ya girgiza ƙasa sai ya iso ta kai tsaye: tirela, tsawar damina, babur mai fasasshiyar salansa. Gyaran shi ne a mayar da sensar jikin ƙarfe mai ƙarfi ko babban damin wayoyi, a murɗe sukurun baya gaba ɗaya, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan ana dukan ginshiƙin gilashin gaba da tafin hannu. Taɓawa da yatsa kada ta ce komai, dukan gaske ta tashi. Duk haɗin da aka murɗa da hannu a kwance shi a yi masa dalma. Ra'ayina dai, in motar na da EWS ɗinta lafiya, a kwashe tarkacen kasuwar gaba ɗaya a mayar da wayoyi yadda suke. Sai dai a samu wanda ya sani, domin irin waɗannan sukan datse wayar sitata ko ta famfon mai su bi ta cikin akwatinsu, in aka fizge kawai motar ba za ta tashi ba.

Saura jiniyar kanta. Ƙaramin batirin cikinta ba ya shekara ashirin lafiya. In ya tsufa yakan zubar da ruwansa kan allon lantarkin, ya ci shi ya zama kore, daga nan sai ta riƙa ihu don kanta, ko muryarta ta shaƙe kamar zakaran da mura ta kama. Wannan sananne ne a motocin Jamus na wancan zamani. Alamarsa ita ce jiniya na kuka amma fitilun sigina ba sa ƙiftawa, wani lokaci ma motar a buɗe take, rimot kuma ba ya kashe ta. Nan maigadin bai busa ba, usur ɗin ne ke busa kansa. Sai canji.

Mu dawo kan rimot. Makullin Z4 na wannan shekara shi ne mai kan lu'ulu'u, tambarin BMW a tsakiya shi ne na kullewa, kibiya ta buɗewa, na uku na but. Ba a yi shi don a buɗe a canja batir ba. A ciki akwai batir mai caji, VL2020, mai bolt 3, an like shi da dalma, kuma yana samun caji ne ba tare da waya ba duk lokacin da makullin ke cikin raminsa ana tafiya. Ka ga matsalar: motar da ta yi watanni tsakanin gwanjo da teku da tashar jirgi, sannan ta zo hannun mai fita da ita sau ɗaya a mako, yaushe makullin zai ƙoshi? Fara da doguwar tafiya, Kaduna zuwa Zariya da dawowa, ka ga ko nisan ya ƙaru. In ya ƙaru kwana biyu ya koma, batirin ya gama aiki. Mai gyaran waya mai hannu mai kyau zai iya tsaga kwanson a hankali ta bakin ɗinkinsa, ya cire tsohon ya like sabo. A jaddada masa VL2020 ko makamancinsa mai caji. Batirin agogo irin CR2032 ba a yi shi don caji ba, motar kuma za ta yi ta ƙoƙarin cusa masa wuta. A kula da siririn naɗin wayar da ke kan allon, in wuƙa ta taɓa shi an shiga wani sabon kashe kuɗi.

Bayan canjin batir, ko in rimot ya daina magana da motar haka kawai, akan sake gabatar da su. Shiga ka rufe ƙofofi. Sa makulli, murɗa zuwa mataki na farko, ka mayar cikin daƙiƙa biyar, ka zare. Danne kibiya ka riƙe, danna tambarin sau uku, ka saki kibiyar. Ƙofofi za su kulle su buɗe da kansu, alamar ta karɓa. In akwai makulli na biyu, yi masa dannawar nan cikin daƙiƙa 30 ba tare da ka sake sa shi a rami ba. Duk makullin da bai halarci wannan zama ba, rimot ɗinsa ya fita daga rajista sai an sake.

Makullin da ka sayo kuwa, ina jin na san abin da ya same shi. Motocin Amurka a kan megahaz 315 rimot ɗinsu ke magana, na Turai na wancan lokaci a kan 433. A ido iri ɗaya ne sak. Kasuwanninmu kuma cike suke da kayan Beljiyam, wato na Turai. Ka sa Bahaushe da Bature a ɗaki ba tafinta, ko shekara za su yi ba za su fahimci juna ba. Masu yanka makullin zamani suna da ƙaramar na'urar da in ka danna rimot a gabanta take nuna lambar, a gwada naka na asali da sabon a gani. Ko da lambar ta dace, tsohon makullin wata mota ba zai tayar da taka ba, domin ƙwayarsa an riga an ɗaura mata aure da EWS ɗin waccan motar. Sabon makulli mai tayar da inji sai ta hannun dila da lambar jikin mota da takardun mallaka, ko ƙwararren mai makulli da ke da na'urar rubuta sabuwar ƙwaya.

In an sa sabon batir nisan bai ƙaru ba, sai a juya ga mai sauraro. A waɗannan masu buɗaɗɗen rufi, na'urar karɓar saƙon rimot tana cikin madubin tsakiya, to in an taɓa canja madubin da na wata mota, ko aka canja gilashin gaba aka bar soket ɗinsa a sake, ka ga inda aka samu matsala. Akwai kuma masu cika wuri da surutu har saƙon ya ɓace: cajar waya mai arha a ramin sigari, kyamarar gaban mota, ƙwayayen fitila na LED marasa kyau, tiraka. Zare su duka ka gwada. Ka gwada kuma a wani wuri daban, in a gida yana aiki daga nesa amma a bakin wani ofis ko kusa da dogon ƙarfen sadarwa ya ƙi, wurin ne, ba motar ba. Wannan ya sa nake gaya wa kowa, in ka kulle mota a kasuwa ko bakin banki ka ja hannun ƙofa ka tabbatar, domin akwai ɓarayin da ke riƙe na'urar toshe saƙon rimot, ka danna ka tafi alhali ba ta kulle ba.

Wata alama daban: ka danna, sigina ta ƙifta, amma sakata ba ta motsa ba, ko tana kullewa ta ƙi buɗewa, har da maɓallin da ke cikin mota. Nan saƙo ya isa, hannun da zai aiwatar ne ya sage. Akwatin da ke kula da ƙofofi da gilasai, GM5, wanda ke bayan aljihun gaban fasinja, yana da ƙananan rile, wato makunnan da ke tura wa sakata wuta, da bakinsu ke ƙonewa da tsufa. Ana cire su a like sababbi, akwatinka ya koma wurinsa ba sai an saita komai ba. Wannan ne kaɗai wurin da mai cewa ƙwaƙwalwa ya kusa gaskiya, kuma ko a nan gyara ake yi. Shi wannan akwatin yakan riƙe tarihin abin da ya tayar da ƙararrawa, wanda ke da kwamfutar BMW ta gaske irin INPA zai iya karantawa. Ƙaramar na'urar da ake soka wa kowace mota don duba fitilar inji ba ta kaiwa can.

Kafar da na ce ciwon biyu na iya haɗuwa ita ce wannan. A motocin Amurka masu ƙararrawar asali, in ka danne maɓallin but na 'yan daƙiƙu, jiniya na tashi da gangan, an yi shi don mai neman agaji. Tsohon makulli da robarsa ta lotsa, ko wanda gumi ya shiga, ko wanda ke aljihun gefen kaftani aka kishingiɗa a kansa, yana iya aika wannan saƙon. Naka da ƙyar yake kaiwa ƙofa, don haka ban sa shi a gaba ba, amma da zarar an sa masa sabon batir ka tuna da shi, musamman in tagar ɗakinka na kallon motar. Rataye shi a ƙusa.

Abu ɗaya da ba zan bari ka tafi ban faɗa ba shi ne ruwa. Cusa hannu ƙarƙashin kafet ta gefen direba da na fasinja, ka danna soson. Shinshina but. Motocin gwanjon Amurka akwai waɗanda ambaliya ta ci aka busar aka turo mana, ana gane su da tsatsa a ƙafafun kujera da laka a lungunan da ba a wankewa. Ko ba haka ba, Z4 tana da magudanan ruwa a ramin da rufin ke naɗewa, ganye da ƙura na toshe su, ruwan damina ya taru har ya nutsar da injin da ke ɗaga rufin. Danshi a soket yana haɗa wayoyin da ba su da haɗi, ƙararrawa ta ji rahoton da ba wanda ya aiko. In ka lura kukan ya fi yawa bayan ruwan sama ko wanki, daga nan za a fara, a busa magudanan kafin a taɓa ko waya ɗaya.

Na daren yau dai, ka zare makunnin bonet, gobe ka ga abin da jan ƙullin zai ce. In maƙwabta ba za su iya jiran gwajin kwana shida ba, a je wajen mai rewaya da rana, a buɗe motar da rimot tukuna don ƙararrawar ta sauka, sannan a zare soket ɗin jiniyar da hannu, a naɗe bakinsa, ba almakashi ba reza. Sigina da jan ƙullin za su ci gaba da nuna maka duk daren da ta tashi, ka ci gaba da bincikenka cikin shiru, kuma EWS na nan, ba mai tayar da motar sai da makullinta. Ranar da aka kama mai laifin, a mayar da soket ɗin ya ce ƙyas.